Sai Baɗi: Watan Oktoba a Idon Mai Goyon Bayan Besbol

A ƙasar Amurka akwai wani wasa da a ke kira besbol, waɗansu kuwa su kan ce masa ƙwallon gora, domin da gora a ke bugun ƙwallon. Wasa ne daɗaɗɗe ƙwarai a can, kaka ya yi kallonsa, uba ya yi, ɗa ma yana yi. Manyan ƙungiyoyin da su ke yinsa don neman abinci 30 ne, 29 a Amurka, ɗaya a birnin Toronto na Kanada. Tun daga ƙarshen watan Maris har ƙarshen Satumba suna ta karawa da juna kusan kullum. Sa'an nan a ware waɗanda suka fi ƙoƙari, a haɗa su, a ga wadda za ta zama zakarar shekara. Wannan bayani game da waɗannan wasanni na ƙarshe ne, da yadda su ke ga mutumin da ba ya jifa, ba ya bugu, ba ya gudu, nasa dai kallo ne da fargaba, watau mai goyon baya.

Yadda A Ke Wasan

Kowace ƙungiya tana sa mutum tara. A filin akwai zango huɗu, an jera su kamar kusurwoyin ɗaki, tsakanin kowane da na kusa da shi ƙafa 90. Na huɗun shi a ke kira gida, nan ne mai bugu ya ke tsayawa da gorarsa. Mai jifa na abokan karawa ya tsaya bisa wani ɗan tudu a tsakiya, ƙafa 60 da inci 6 daga gida, ya jefo ƙwallon da iyakar ƙarfinsa da dabararsa. Gwanaye su kan jefo shi da gudun da ya wuce mil 90 a awa. In mai bugu ya dace ya buga, sai ya yar da gora ya sheƙa zuwa zango na fari. Wanda ya bi zangon nan uku ya komo gida lafiya, ya jawo wa ƙungiyarsa ci ɗaya. In kuwa ya buga ƙwallon ya tsallake shingen bayan fili, shi ke nan, ya zaga abinsa ba mai tare shi, da shi da dukan 'yan'uwansa da ke tsaye a zango.

Ana fid da mai bugu in ya kuskure jifa mai kyau sau uku, ko in an cafe ƙwallonsa kafin ya taɓa ƙasa, ko in ƙwallon ya riga shi isa zango. In an fid da mutum uku sai a yi musanya, masu bugu su koma tsaron fili, masu tsaro su zo bugu. Kowane gefe ya yi bugu sau ɗaya, an yi juyi ɗaya ke nan, juyi tara kuwa a ke yi. In an gama tara ci ya zo daidai, sai a yi ta ƙara juyi har wani gefe ya rinjaya. Ba agogo ne ke tashin wasa ba. Wannan abu ne da ya kamata mai karatu ya riƙe, don kuwa ƙungiyar da ta ke gaba ba ta da damar ɓata lokaci ta jira a busa. Tilas ta fid da mutum 27, ɗaya bayan ɗaya. Muddin na ƙarshe bai fita ba, da sauran rina a kaba.

Wata Shida na Kwanciyar Hankali

An raba ƙungiyoyin nan rukuni biyu, kowane da 15. Na fari shi ne National League, wanda aka kafa a shekarar 1876, na biyu American League, wanda ya shiga sahun manya a 1901. Kowane rukuni kuma an kasa shi shiyya uku, gabas da tsakiya da yamma, ƙungiya biyar biyar. Kowace ƙungiya tana yin wasa 162 a shekara. A da 154 ne, aka ƙara a 1961 da 1962.

Me ya sa a ke yin wasa da yawa haka? Dalili shi ne sa'a tana da hannu ƙwarai a cikin besbol. Mai bugun da ya dace sau uku cikin goma gwani ne abin yabo, ko da ya ke ya kasa sau bakwai. Wani ya buga ƙwallo da ƙarfi ya faɗa hannun mai tsaro, wani ya ɗan taɓa shi kawai ya sulale inda ba kowa. Saboda haka ƙungiyar da ta fi kowa ƙarfi ta kan ci wajen wasa shida ne cikin goma, wadda ta fi kowa rauni kuwa galibi ba ta rasa ɗaya cikin uku. In aka haɗa su yau, ba wanda zai iya rantsuwa ga wadda za ta ci. Amma in aka yi ta haɗa su wata shida, sai sa'ar wannan ta goge sa'ar wancan, iyawa ta fito fili. Tsawon lokacin wasa kamar rariya ya ke, gari ya wuce, tsaki ya tsaya.

A cikin watannin nan hankalin mai goyon baya kwance ya ke. In an ci ƙungiyarsa yau, ya ce ba komai, gobe ma rana ce. Ya kan kunna rediyo yana gyaran mota, ko yana shan iska a ƙofar gida da maraice, ba ya ko kasa kunne sosai. Ran da ya sami sukuni ya kwashi 'ya'yansa su tafi fili, su sayi gyaɗa, ya koya musu yadda a ke rubuta lissafin wasa da fensir, kamar yadda ubansa ya koya masa. A tsakiyar juyi na bakwai jama'a duka su tashi tsaye, su yi miƙa, su yi waƙa, su koma su zauna. Wasan ya zama masa kamar maƙwabci, kullum suna tare, ba a yi masa wani shiri na musamman.

Kaka Ta Yi

To, sai watan Oktoba ya kama, ganyayen itatuwa suna ja suna zuba, sanyi ya fara saukowa. Ƙungiya 18 su tattara kayansu su koma gida, 12 su rage, shida daga kowane rukuni, watau zakarun shiyya uku, da waɗansu uku da suka fi sauran yawan ci. Tun daga 2022 mataki huɗu a ke hawa. A mataki na fari ana ɗauke wa zakarun shiyya biyu da suka fi ci, sauran huɗu su kara biyu biyu, wadda ta fara cin wasa biyu ta wuce. A na biyu sai an ci uku cikin biyar. A na uku sai an ci huɗu cikin bakwai, nan ne a ke samun zakarar rukuni. A na huɗu zakarun rukuni biyu su haɗu, su ma huɗu cikin bakwai. Wannan shi ne World Series, watau Gasar Duniya, ko da ya ke duniyar tasu ba ta wuce Amurka da Kanada ba. Ƙungiyar da za ta ɗauki kofi sai ta ci wasa 11, ko 13 in daga mataki na fari ta faro. Wani lokaci abin ya kan kai farkon Nuwamba.

A da ba haka a ke yi ba. An yi Gasar Duniya ta fari a 1903, inda Boston ta ci Pittsburgh wasa biyar da uku. Daga nan har 1968 ƙungiya biyu kaɗai ke samun shiga, watau wadda ta fi ci a kowane rukuni. A 1969 aka mai da su huɗu, a 1995 takwas, a 2012 goma, a 2022 goma sha biyu. Sau biyu ne kaɗai shekara ta wuce ba a yi gasar ba: a 1904, sa'ad da Giants ta birnin Niyok ta ƙi karawa, da 1994, sa'ad da 'yan wasa suka yi yajin aiki.

Inda Gizo Ke Saƙa

Mai karatu zai lura da wani abu. Abin da sai da wasa 162 ya ke bayyana, shi ne a ke so a yanke cikin wasa uku, ko biyar, ko bakwai. An ajiye rariya ke nan. Har wa yau akwai zancen masu jifa. Jifa aiki ne mai cin hannu, wanda ya fara wasa yau sai ya huta wajen kwana huɗu, don haka a lokacin wasa na kullum kowace ƙungiya tana juya mutum biyar. A Oktoba kuwa akwai ranakun hutu tsakanin wasanni, uku ko huɗu sun isa. Ƙungiya mai gwanayen jifa biyu, ko da sauran 'yan wasanta ba su taka kara sun karya ba, tana iya kā da wadda ta fi ta ta kowace fuska.

Tarihin wasan cike ya ke da irin wannan. A 1906 Cubs ta birnin Shikago ta ci wasa 116, aka ci ta 36 kawai, amma maƙwabciyarta White Sox ta kā da ita a Gasar Duniya. A 1954 Cleveland ta ci 111, Giants ta cinye ta wasa huɗu a jere. A 2001 Mariners ta Seattle ta ci 116, ko Gasar Duniya ba ta kai ba, Yankees ta Niyok ta tare ta a mataki na kusa da ƙarshe. A 2022 Dodgers ta Los Angeles ta ci 111, Padres ta San Diego mai 89 ta sallame ta cikin wasa huɗu. A ɗaya gefen kuwa, a 2006 Cardinals ta St. Louis ta ci 83 aka ci ta 78, da kyar ta wuce rabi, ita ce kuwa ta ɗauki kofi.

Amma babu misalin da ya kai na 1960. A shekarar nan Yankees ta kara da Pirates ta Pittsburgh. Wasa uku da Yankees ta ci, ta ci su ne 16 da 3, da 10 da babu, da 12 da babu. Pirates kuwa nata ukun da kyar ta same su, 6 da 4, da 3 da 2, da 5 da 2. Aka zo wasa na bakwai ran 13 ga Oktoba, a filin Forbes na Pittsburgh. A juyi na tara ci ya yi daidai, tara da tara. Sai Bill Mazeroski, wanda an fi saninsa da tsaron fili fiye da bugu, ya buga ƙwallo ya tsallake bango, wasa ya tashi. In aka haɗa lissafin wasa bakwai ɗin, Yankees tana da ci 55, Pirates 27, kofi kuwa na Pirates ne. An rushe filin a 1971, amma an bar wani yanki na bangon, kuma kowace shekara ran 13 ga Oktoba mutane su kan taru a gindinsa su saurari faifan rediyo na wasan daga farko har ƙarshe, su yi sowa kamar yau abin ya faru. Wacce ta fi iyawa a 1960? Mai lissafi ya ce Yankees. Mutumin Pittsburgh ya ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Halin Mai Goyon Baya a Oktoba

Mutumin nan da ya ke jin wasa da rabin kunne a watan Yuli, a Oktoba ko zama ba ya iyawa. Besbol wasa ne mai yawan tsayawa. Mai jifa ya karɓi ƙwallo, ya dubi mai kama masa, ya waiwayi wanda ke tsaye a zango, sa'an nan ya jefa. Ratar nan da ke tsakanin jifa da jifa, wadda a watan Yuli a ke cika ta da hira, a Oktoba da fargaba a ke cika ta. Mutum dubu arba'in ko fiye su miƙe tsaye cikin sanyi, waɗansu suna ihu, waɗansu sun rufe fuska suna leƙe ta tsakanin yatsu. Kalmar nan da ya ke kwantar da hankalinsa da ita wata shida, watau gobe ma rana ce, an karɓe masa ita, domin mai yiwuwa ne ba goben.

Nan ne camfi ya ke samun ƙofa. Wani in ƙungiyarsa ta ci yana sanye da wata riga, ba zai tuɓe ta ba, ba kuwa zai bari a wanke ta ba. Wani ya ƙi aski. Wani ba ya canja kujera, wani kuma ya gudu madafa don ya lura kullum in yana can a ke ci. A cikinsu akwai likita, akwai alƙali, akwai malamin lissafi, duk sun san riga ba ta bugun ƙwallo. Amma mutumin da abu ya dame shi haka, ba shi kuwa da hannu a ciki, tilas ya nemi abin da zai riƙe.

A shekarun 1950 da 1960 da rana a ke yin Gasar Duniya, lokacin aiki da makaranta. An fara nuna ta a talabijin a 1947, mutane su kan yi cincirindo a bakin kantunan da a ke sayar da akwatin. 'Yan makaranta kuwa su kan ɓoye ƙaramar rediyo a aljihu, su zura waya ta hannun riga zuwa kunne, malam yana koyarwa suna bin wasa. A 1971 aka fara yin wasa ɗaya da dare, yanzu kuwa duka da dare a ke yinsu, har yaran gabashin ƙasar su kan yi barci kafin a tashi.

Mutanen Brooklyn

Ba dukan masu goyon baya ne halinsu ɗaya ba. Yankees ta ɗauki kofi sau 27 tsakanin 1923 da 2009, babu wadda ta kama ƙafarta. Mai goyon bayanta in shekara ta wuce ba kofi, gani ya ke an yi masa ƙwace. Amma galibin mutane ba haka rabonsu ya ke ba. Ƙungiya 30, kofi ɗaya. Kowace shekara garuruwa da yawa da baƙin ciki su ke shiga hunturu.

Brooklyn wata babbar unguwa ce a birnin Niyok, nan ne gidan Dodgers na asali. Ita ce ƙungiyar da ta ɗauki Jackie Robinson a 1947, baƙar fata na fari da ya shiga manyan ƙungiyoyi a ƙarni na 20. Ƙungiya ce mai ƙarfi ƙwarai, mutanen unguwar kuwa suna sonta kamar rai. Ta kai Gasar Duniya a 1941, da 1947, da 1949, da 1952, da 1953, kowane karo da Yankees ta haɗu, kowane karo kuwa ta sha kashi. A 1951 ma ta ba Giants ratar wasa 13 a watan Agusta, Giants ta kamo ta, Bobby Thomson ya ƙarasa ta da bugu ɗaya ran 3 ga Oktoba. Saboda haka mutanen Brooklyn suka shahara da wata magana da su kan yi wa juna kowace kaka, ma'anarta ita ce, sai baɗi.

Baɗin ta zo a 1955. Ran 4 ga Oktoba, a wasa na bakwai, a filin Yankees ɗin kanta, wani saurayi mai jifa, Johnny Podres, ya hana su ci ko ɗaya, Dodgers ta ci biyu. Aka kwana ana busa ƙahon mota ana rawa a titunan Brooklyn. Mahaƙurci mawadaci. Amma daɗin bai daɗe ba. A 1956 Yankees ta rama. Bayan wasannin 1957 mai ƙungiyar ya kwashe ta zuwa Los Angeles, can ɗaya bakin ƙasar, a 1960 kuma aka rushe filinsu na Ebbets aka gina gidaje. Mutanen da suka shekara da shekaru suna cewa sai baɗi, baɗin ma aka ɗauke musu.

Neman Wanda Za A Ɗora Wa Laifi

Jira in ya yi tsawo ya kan haifi abin da ba shi da kyau. Red Sox ta Boston ta ɗauki kofi sau biyar daga 1903 zuwa 1918. A ƙarshen 1919 ta sayar wa Yankees da Babe Ruth, wanda ya zama mashahurin da ba a yi kamarsa ba. Daga nan kofi ya yi mata ƙaura. Ta kai Gasar Duniya a 1946, da 1967, da 1975, da 1986, kowane karo sai a wasa na bakwai ta faɗi, har mutane suka riƙa cewa alhakin Ruth ne ke binta.

Na 1986 ya fi ciwo. A wasa na shida, juyi na goma, Boston tana gaban Mets ta Niyok biyar da uku, saura mutum ɗaya ta fitar ta ɗauki kofi. Mutum uku suka dace a jere, mai jifa kuma ya yi jifan da ya kuɓuce, ci ya zo daidai. Sa'an nan aka bugo wani ƙwallo mai rauni yana birgima zuwa zango na fari, ya bi ta tsakanin ƙafafun mai tsaron wurin, Bill Buckner, Mets ta ci. Kafin ƙwallon ya iso gare shi an riga an zubar da ratar, da sauran wasa na bakwai kuma, wanda Boston ta fara shiga gaba sa'an nan ta faɗi. Duk da haka shi aka ɗora wa laifin. Mutumin da ya shekara 22 yana wasa, ya dace a bugu sau 2,715, aka manta da wannan duka, aka tuna daƙiƙa ɗaya.

A Shikago abin ya faɗa kan ɗan kallo ne. A 2003 Cubs tana gaban Marlins uku da babu, saura mutum biyar ta fitar ta shiga Gasar Duniya. Wani ƙwallo ya nufo wurin zaman jama'a, wani mai goyon bayan Cubs ya miƙa hannu, kamar yadda na kusa da shi suka miƙa, ɗan wasan Cubs ya kasa cafewa. A juyin nan aka zura wa Cubs takwas. Sai da masu tsaro suka fitar da mutumin daga filin saboda fushin jama'a, ya daɗe kuwa yana ɓoyon fuskarsa. Wannan shi ne aibin Oktoba: da ya ke komai ya taru a wasa kaɗan, sai a ɗauki nauyin shekaru a aza wa mutum ɗaya.

Ran da Gari Ya Waye

Komai nisan dare gari zai waye. A 2004 Yankees ta ci Red Sox wasa uku a jere, na ukun ma 19 da 8. A cikin manyan ƙungiyoyin nan ba a taɓa yin wadda ta farfaɗo daga irin wannan rami ba. Boston ta ci huɗu a jere, ta wuce, ta ci St. Louis huɗu a jere, ta ɗauki kofi ran 27 ga Oktoba, daren da aka yi husufin wata, bayan shekara 86. A 2008 aka gayyato Buckner filin Fenway ya yi jifan buɗe wasa, jama'a suka miƙe suna ta yi masa tafi, shi kuwa yana share hawaye. Ya rasu a 2019.

Cubs ta fi kowa daɗewa. Rabonta da kofi tun 1908, rabonta da Gasar Duniya tun 1945. A 2016 ta haɗu da Cleveland, aka ci ta uku ta ci ɗaya, sa'an nan ta ci biyu, aka zo na bakwai ran 2 ga Nuwamba. Tana gaba shida da uku a juyi na takwas, Cleveland ta kamo ta. Aka gama tara daidai, sai ga ruwan sama, aka tsaya minti 17. Da aka komo Cubs ta ci takwas da bakwai a juyi na goma, bayan shekara 108. Daga baya ƙungiyar ta aika wa ɗan kallon nan na 2003 da zoben zakaru irin na 'yan wasa.

Abin da mutane suka yi bayan nasarorin nan biyu shi ne ya fi nuna mene ne goyon baya. A Boston da kewayenta waɗansu maƙabarta suka nufa, suka ajiye hular ƙungiya da jaridar ranar bisa kabarin iyayensu. A Shikago aka cika bangon filin Wrigley da rubutun alli, sunayen uba da uwa da kaka waɗanda suka yi ta jira har suka rasu ba su gani ba. 'Yan wasan da suka ci kofin galibinsu ba 'yan garin ba ne, bayan 'yan shekaru ma sun watse. Mai ƙungiya ya kan sayar, mai horarwa a kan kore shi. Wanda ba ya tashi shi ne mai goyon baya. Ya gaji ƙungiyar ne kamar yadda a ke gadon gona, da albarkarta da farinta.

Gardamar da Ba Ta Ƙarewa

Masu sha'awar wasan sun rabu biyu game da yawan ƙungiyoyin da a ke bari su shiga. Waɗansu, galibi dattawa, suna cewa an ɓata abin. In ƙungiya 12 cikin 30 za su shiga, in mai ci 83 tana iya ɗaukar kofi mai ci 116 ta koma gida hannu wofi, to, wahalar wata shida ta mece ce? Suna kuma cewa kuɗin talabijin ne ya jawo ƙarin, don kowane mataki da aka ƙara kuɗi ne. Waɗansu kuwa suna cewa a zamanin ƙungiya biyu, kafin watan Agusta ya ƙare galibin garuruwa sun fid da rai, filayensu sun zama kango. Yanzu kuwa har makon ƙarshe na Satumba garuruwa da yawa suna da abin sa rai.

Kowane gefe yana da gaskiyarsa, don kuwa tambaya biyu ce a ke yi wa amsa ɗaya. Wata shida su ne ke nuna ƙungiyar da ta fi iyawa. Oktoba kuwa yana nuna wadda ta iya a ranar da aka ce sai an iya. Mai goyon baya ya san bambancin nan sarai, amma ba a yi wa mai yawan ci jerin gwano a titi, mai kofi a ke yi wa. Da a ce kullum mai ƙarfi ne ke ci, da ba wanda zai rufe fuska yana leƙe ta tsakanin yatsu, da mutanen Pittsburgh ba su da dalilin taruwa a gindin bango.

Da zarar an fid da mutum na ƙarshe, sai a rufe filaye, dusar ƙanƙara ta sauko ta lulluɓe ciyawa. Gari ɗaya yana biki, sauran suna lissafin inda aka yi kuskure. Har zuwa ƙarshen wasannin 2025, rabon Cleveland da kofi tun 1948 ne, Seattle kuwa, wadda ta fara wasa a 1977, ba ta taɓa kai wa Gasar Duniya ba. Amma a watan Fabrairu 'yan wasa su kan taru a jihohin Florida da Arizona, inda ba a sanyi sosai, su fara motsa jiki. A lokacin nan dukan ƙungiyoyi daidai su ke, ba wadda ta ci, ba wadda aka ci. Mai goyon baya ya ɗauko hularsa ya kakkaɓe, ya dubi sunayen sababbin 'yan wasa, ya ce wa ɗansa baɗin da a ke faɗa ai ita ce bana.